Ba kowace doguwar mota ce jif ba

Ranar da na ɗauko motar daga wurin dila, na tura hotonta a zauren WhatsApp na 'yan gidanmu. Ƙanena ne ya fara kira. "Yaya, Allah ya sanya alheri, ya tsare. Ashe jif ka saya!" Na amsa addu'a, sannan na ce masa ba jif ba ce. Ya ce, "To mece ce? Ga tsayi, ga ƙaton baya, ga manyan tayoyi." A lokacin ban ba shi amsar da ta gamsar da shi ba. Yanzu na shekara biyu ina tuƙa ta a nan Kanada, mun ci hunturu biyu tare, kuma shi ma ya fara maganar sayen irinta. Shi ya sa na ga ya kamata in zauna in rubuta amsar, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba.

Masu sayar da mota a nan suna kiran irinta kurosoba. Bambancinta da jif na asali yana ƙarƙashi, inda ido ba ya kaiwa. Land Cruiser da Prado da Hilux ana fara ƙera musu shasi na ƙarfe mai kauri, mai siffar tsani, a ɗora inji da giya a kansa, sannan a kawo bodi a ɗaure da kusoshi. Ita kuwa kurosoba, bodinta da shasinta abu ɗaya ne, an haɗe su da walda, daidai yadda ake gina ƙaramar mota. Toyota ta fito da RAV4 a 1994, Honda ta biyo da CR-V a 1995 a kan ginin Civic. Lexus RX 300 da ta fito a 1998, da Highlander da ta zo bayanta, duk a kan ginin Camry aka tashe su. Wato Highlander ɗin da muke wa kallon babbar jif, idan an leƙa ƙasanta 'yar ɗakin Camry ce, sai dai an ɗaga ta sama, an faɗaɗa mata baya.

Wannan ba aibi ba ne. Dalilin ke nan da ya sa take da daɗin tuƙi, ba ta jijjiga mutum kamar motar kaya, ba ta shan mai kamar jif, kuma tana shan kwana cikin natsuwa. Abin da ke damuna shi ne mutum ya biya kuɗinsa yana zaton ya sayi wani abu, alhali wani daban ya saya.

A gida, duk motar da ta ɗara saura tsayi jif ce a bakinmu, kuma sunan na tafe da kwarjini. Akwai hujja a ciki, domin inda hanya ke da ramuka da kwazazzabai, tsayin mota buƙata ce ta gaske. Da na zo nan sai na tarar da abin ya juye. Kurosoba ita ce motar kowa da kowa. Ita ce ke jere a ƙofar makaranta da safe ana sauke yara, ita malamar asibiti ke tafiya aiki da ita, ita tsofaffi 'yan fansho ke zuwa sayayya da ita. Ba wanda zai waiwayo ya kalle ka. Kasuwarta ta cinye ta ƙananan motoci har kamfanin Ford ya sanar a 2018 cewa zai daina sayar da kusan dukkan ƙananan motocinsa a Arewacin Amurka, ya bar Mustang. A 2023 kuma motar da aka fi saya a duniya baki ɗaya kurosoba ce mai amfani da lantarki, Tesla Model Y. Na fi son yadda ake kallonta a nan, saboda wanda ba ya neman kwarjini a jikin mota ya fi iya tambayar abin da za ta yi masa da abin da ba za ta iya ba.

Abin da take yi, tana yin sa da kyau. Mahaifiyar maiɗakina ta zo mana ziyara bara, tana fama da ciwon gwiwa. A tsohuwar motata sai na riƙe mata hannu, ta sunkuya, ta saki jiki ta faɗa kan kujera, fitowa kuma ya fi shiga wuya. A wannan kuwa kujerar tana daidai ƙugunta. Ta juya baya, ta zauna kamar a kan kujerar falo, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta shigar, ta ɗaga ɗayar. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wannan motar ta san tsofaffi. Allah ya yi albarka." Haka wajen ɗaura yaro a kujerarsa ta baya, ba sai ka karya bayanka ba. Ƙofar but ɗin gaba ɗaya take ɗagawa sama, idan ka kwantar da kujerun baya har keke da katifar yaro suna shiga. Tazarar cikinta da ƙasa kuma kan kai santimita 20 zuwa 22, inda ƙaramar mota ke da kamar 14 ko 15. Da safiyar da dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, wannan ɗan bambancin ne ke fitar da kai daga layinku ba tare da ka ɗauki shebur ba.

Inda sababbin masu ita suka fi ruɗuwa shi ne batun fowil, wato jan mota da ƙafa huɗu. Ni ma na shiga wannan ruɗun, kuma ya kusa ja min abin da ba zan manta ba. Hunturuna na farko da ita, ban sa tayoyin sanyi ba, domin dila ya nanata min cewa tana ja da ƙafa huɗu. Gaskiya ya faɗa. A fitilar hanya, sauran motoci na ta wulwula taya a kan ƙanƙara, tawa ta tashi cak ta wuce. Sai na saki jiki. Wata safiya ina gangarowa wata mahaɗa da yarana biyu a baya, gudun bai wuce kilomita 40 ba, na taka birki. Birkin ya riƙa karkarwa a ƙarƙashin ƙafata, motar kuma ta ci gaba da sulalewa kamar ba a taɓa ta ba. Ina ganin alamar tsayawa tana matsowa, ta zo daidai gilas, ta wuce. Sai a tsakiyar mahaɗar muka tsaya. Allah ya kiyaye babu mai tahowa. Na daɗe riƙe da sitiyari hannuna na rawa, ƙaramar tana tambayata me ya sa muka tsaya a nan.

Fowil na taimaka wa mota ta tashi ne. Wajen tsayawa, kowace mota ƙafa huɗu take birki, kuma abin da ke riƙe ƙasa taya ce kawai. Kurosoba ta fi ƙaramar mota nauyi, don haka tsayar da ita a kan santsi ya fi wuya. Lardin Kubek ya wajabta tayoyin sanyi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, bai kuma ware masu fowil ba. A ranar da birkin nan ya gagare ni na je na sa tayoyin sanyi. Wanda ke inda babu ƙanƙara kada ya ce wannan bai shafe shi ba. Kwaltar da ruwan farko ya jiƙa, ta haɗu da ƙura da baƙin mai, santsinta ba wasa ba ne, kuma sanƙon taya bai san fowil ba.

Shi kansa fowil ɗin ba irin na jif ba ne. A yawancin kurosoba, ƙafafun gaba ne ke ja kusan kullum. Sai kwamfutar motar ta ji sun fara zamewa, sannan ta damƙe wani ɗan kuloci ta tura wani kaso na ƙarfin zuwa baya. Babu ƙaramar giyar nan ta jif da ake sawa a hau dutse ko a ratsa yashi a hankali da ƙarfi. Idan ka shiga yashi mai zurfi ko taɓo ka yi ta ba ta wuta, kulocin ya yi zafi, sai motar ta kunna maka gargaɗi ta kashe fowil ɗin don ta kare kanta, ta bar ka inda kake. Da yawa cikinsu kuma giyarsu mai bel ce, wadda ake kira CVT, tana da sauƙin shan mai a kan kwalta amma ba ta son zafi da jan nauyi. Abin da ke rufe ƙasan injin galibi roba ce. Idan kuma ka zaɓi mai manyan wili na inci 19 don kyau, ka sani naman tayar ya ragu, rami ɗaya mai kaifi ya isa ya kumbura gefenta ko ya lanƙwasa wilin. A hanyar burji mai kyau ba ta da matsala. Hanyar da Hilux ke bi tana nishi kuwa, ba tata ba ce.

Akwai kuma kashe kuɗin da ba a gaya wa sabon mai ita. Mai ta fi ƙaramar mota mai irin injinta sha, saboda nauyi da tsayin da ke karo da iska, ko da yake masu haɗa fetur da batir sun rage wannan sosai. Tayoyinta sun fi tsada. Wata bakwai da sayenta ƙusa ta shiga gefen tayata ta baya, wurin da ba a faci. A nan na koyi cewa mai fowil ba ta son tayoyin da cinyewarsu ta bambanta da yawa, don kwamfuta za ta ɗauka wata ƙafa na zamewa, ta riƙa wahalar da kulocin. Tawa ba su ci sosai ba, na tsira da canza ɗaya. Wani abokin aikina sai da ya canza huɗu. Wasu sababbin ma babu safaya a cikinsu sam, sai ɗan famfo da kwalbar gam. Ka ɗaga shimfiɗar but ka duba kafin ka sa hannu a takarda.

Batun sa hannu, nan ma akwai bambanci. Mu mun saba a tambayi kuɗin mota gaba ɗaya, a yi ciniki, a biya. A nan tambayar farko da za a yi maka ita ce nawa za ka iya biya a wata. Daga nan sai a ja bashin ya kai wata 84, shekara bakwai cur, don adadin watan ya yi ƙanƙanta a ido. Bayan kun gama sai a shigar da kai wani ɗan ofis a fara jero maka ƙarin garanti, da maganin tsatsa, da inshorar taya. Na ga 'yan uwanmu sababbin zuwa sun fito daga ofishin nan da nauyin da suka shekara suna kuka da shi, don kawai kunya ta hana su cewa a'a. Ka nemi a rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, ka tafi da takardar gida, ka kwana a kanta.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yara. Kana zaune a sama kana hango nesa, sai ka ɗauka komai kake gani. Wata rana na sa ɗiyata 'yar shekara uku ta tsaya a gaban motar tana kashe, mahaifiyarta na riƙe da hannunta, na shiga na zauna. Uwar nake gani, yarinyar kuwa ko gashin kanta ban hango ba. Cibiyar IIHS ta Amurka, mai binciken haɗurran mota, ta fitar da nazari a 2023 cewa motocin da tsayin bonet ɗinsu ya haura inci 40 sun fi masu gajeren bonet mai gangara haddasa mutuwar mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin ɗari. Ƙaramar mota ƙafa take duka, doguwa kuwa ƙirji da kai. Kyamarar ribas ta zama dole a sababbin motoci a Amurka da Kanada tun Mayun 2018, amma baya kawai take nunawa. A unguwannin da yara ke wasa a ƙofar gida da cikin lungu, wannan ya fi komai muhimmanci. Ni dai yanzu ba na tada ita sai na zagaya ta da ƙafa.

Makon jiya ƙanen nawa ya sake kira, ya ce ya ga wata ta hannu da aka shigo da ita daga waje, ya ji ta kwanta masa. Na ce ya kai ta wurin bakanike a ɗaga ta sama. Idan daga ƙasar ƙanƙara ta fito, gishirin da ake zubawa a hanya yana cin ƙarfe daga ƙasa, fenti na ƙyalli a sama ciki kuwa ya zama gari, kuma tunda bodinta shi ne shasinta, tsatsar da ta ci shi ta ci ƙashin motar ne. Na ce ya duba ko akwai sandar da ke kai ƙarfi zuwa ƙafafun baya, domin da yawa cikinsu gaba kawai suke ja duk da tsayinsu. Sannan na tambaye shi hanyar da zai riƙa bi. Ya ce yawanci cikin gari ne, sai dai aikinsa kan kai shi ƙauyuka da damina, akwai ma wani rafi da ake ratsawa.

Na ce, "Sau nawa a shekara?"

Ya yi shiru yana lissafi, ya ce zai kai goma sha biyar.

Na ce to ya bar wannan, ya ƙara haƙuri ya nemi mai shasi, ko da ta girme ta da shekara biyar. Ya ce zai je ya ga wata ranar Asabar, zai turo min hoton ƙasanta.