Kafin ku zagi ɗan haya, ku fara tambaya: wa zai kwana a gidan?

Haba jama'a! Tun shekaranjiya kuke ta tura wa juna bidiyon mutumin nan mai tallan filaye, yana tsaye a bakin daji da hular kwano kamar wani injiniya, yana cewa duk ma'aikacin da ya shekara goma a Abuja yana haya ba shi da lissafi. Shi bai ba ni haushi ba, kasuwarsa yake ci. Ku da kuka yi ca a kan bawan Allahn da ya ce aikinsa yau yana nan gobe yana can, don haka haya ta fi masa, ku ne kuka ɓata min rai. Har da mai ce masa "Allah ya shirye ka". Daga me? Shi kaɗai ya yi maganar hankali a wajen.

Tambayar guda ce, kuma babu wanda ya yi ta a cikinku: wa zai kwana a gidan?

Matafiya iri biyu ne. Akwai mai zuwa ya dawo, irin mai binciken kuɗi ko ma'aikacin ƙungiyar agaji da ke yin mako biyu a Maiduguri, amma iyali na Abuja, yara na makaranta a nan. Wannan in yana da hali ya saya, sai dai ya duba hanyar fitarsa: mai yawan hawa jirgin sama ya nemi ɓangaren Lugbe, mai bin jirgin ƙasa zuwa Kaduna ya nemi Kubwa ko kusa da Idu. Wanda ya saya a Masaka don arha, ranar da yake da jirgin safe zai gane Mararraba da Nyanya ba sa sauraron uzuri. Sai na biyu, wanda ake ɗagawa ɗungurungum: kwastam, shige da fice, soja, ɗan sanda, ma'aikacin banki. Takarda ɗaya za ta sauko, a ce ka kama aiki a Kalaba nan da mako biyu. Kada ma wani ya ce ai hedikwata yake, ba ya motsi. A watan Janairun 2024 Babban Banki ya mayar da wasu sassansa Legas, hukumar filayen jiragen sama ita ma ta kwashe hedikwatarta zuwa can. Waɗanda abin ya shafa sun ɗauki gidajensu a jaka ne?

Ku da kuke ganin gida dukiya ce da ke zaune lafiya, ba ku san abin da damina ɗaya ke yi wa rufaffen gida a garin nan ba. Kusa ɗaya ta saki a kwano, ruwa ya riƙa ɗiga a kan silin daga Mayu har Oktoba, babu mai gani, sai ka dawo ka tarar ya rufto a falo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to mai ɗakin yana Kalaba. Ruwan da ke tsayawa a lanƙwasar bututun banɗaki, wanda ke tare wari, in an daɗe ba a zuba wani ba ƙafewa yake, sai warin sokawe da kyankyasai su cika gidan. Batirin inbata in ya sauka ƙasa aka bar shi watanni haka, ya tafi ke nan. Famfon burtsatse in ya daɗe bai juya ba yakan cije. Gara na cin ƙofa da durowar kicin a tsanake. Ɓarayi kuwa ba talabijin suke nema ba, wayar wuta suke zarewa daga bango saboda tagullar, kuma mayar da ita sai an sake fasa gini. Maigadi, Allah ya saka masa, kafin ka shekara ya zuba ƙannensa uku a ɗakin baya. A rukunin gidaje kuɗin hidima na tafiya ko kana nan ko ba ka nan.

Na san me za ku ce: ya sa ɗan haya mana. To sannunku da dabara. Mu yi lissafin da kuka ce ba a yi. A ce gida na miliyan 60, hayarsa miliyan 3 a shekara. Shekara 20 ke nan kafin uwar kuɗi ta dawo, ba a cire fenti ba, ba a cire kamashon mai kula da gida ba, ba a cire watannin da zai zauna babu kowa ba. Shi kuma maigidan yana can yana biyan wata hayar a inda aka kai shi. Ranar da aka dawo da shi Abuja ba zai ce wa ɗan hayar shekara ya fita gobe ba. Notis na wata shida doka ta tanada, in ya ƙi tashi sai kotu. Ga mai gida a otal.

Sai masu cewa haya zubar da kuɗi ne. Kuɗin mota ma zubarwa ne, ku riƙa zuwa ofis a ƙafa.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne takardu, don nan ne matafiyi ke shan kashi. Mutum yana bakin aiki a wata jiha, a turo masa hoton fili a WhatsApp, ya tura kuɗi. Cinikin biri a sama. A Abuja ministan babban birnin tarayya ne kaɗai ke da ikon ba da fili. Takardar mai unguwa ko ta ƙaramar hukuma da ba a daidaita ta ba, kada ka ɗora rayuwarka a kai. Lauyanka, ba lauyan mai sayarwa ba, shi zai je AGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filayen Abuja, ya bincika fayil: sunan wa ke kai, an jinginar da shi a banki, an soke shi, an ware wurin don hanya ko magudanar ruwa? Safiyo ya je da lambobin dutsen iyaka ya tabbatar filin da aka nuna maka shi ne na takardar. In gini ne, a ga amincewar hukumar kula da gine-gine, in babu, jan fenti na nan tafe, kuma wanda ya ga rusau na zamanin El-Rufai tsakanin 2003 da 2007 ba ya bukatar bayani. In a rukunin gidaje ne, sau da yawa takardar mallakar guda ce da sunan kamfanin, kai wasiƙar rabo kawai ke hannunka. Ka san hakan tun kafin ka biya. Ka je wurin a watan Agusta, ba a Janairu ba, musamman wajen Lokogoma da wasu sassan Lugbe da ruwa ke ci. Mararraba da Masaka kuma jihar Nasarawa ce, Suleja da Madalla jihar Neja, ofishin filayensu daban. Bayan ka saya ma ba ka gama ba, akwai harajin fili na shekara-shekara, kuma a 2025 an soke takardu sama da 4,000 a Abuja saboda rashin biyansa. Duk wannan zirga-zirgar wa zai yi wa mutumin da ke zuwa gari kwana huɗu a wata?

Bashin gida fa? Asusun gidaje na ƙasa, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin 100 na albashi dominsa, yana ba da rance a kan kuɗin ruwa kashi 6 har tsawon shekara 30, sai dai yana son mai bin fayil da ƙafa. Na bankunan kasuwa ya haura kashi 20, ga maganar riba da ta sa da yawanmu ba ma kallon wajen sai bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa. Ko wanne ka ɗauka, ana cira duk wata, kana kwana a gidan ko gara ce ke kwana.

Ban ce haya daɗi gare ta ba, wallahi. Kuɗin shekara a dunƙule, wani ma shekara biyu, kashi 10 na dillali, na lauya daban, ga kuɗin ajiya na ɓarna da ba kasafai yake dawowa ba. Duk magidanci yana son ranar da zai rufe ƙofa ya san ko ya faɗi yau, ba mai fitar masa da marayu. Wannan burin gaskiya ne, kuma shi ne abin da mai hular kwano yake taɓawa don ya sayar da dajinsa. Amma in burin ke nan, a gina inda iyali za su zauna in aiki ya ƙare, inda akwai uba ko yaya da zai leƙa ya ƙirga buhunan siminti. A garin aiki kuma a yi haya, a sa a yarjejeniya tun farko cewa in an yi maka canjin wurin aiki za ka iya kawo wanda zai ƙarasa watanninka. Ɗan haya asararsa ta tsaya a ragowar watanni. Mai gida da takarda ta kora, in ya sa gidan a kasuwa, dillalai na jin ƙamshin gaggawa tun daga Zuba, su taya masa abin da ko ginin bai kai ba.

Af, tunda an zo kan dillalai, don Allah wa ya ƙirƙiro kuɗin ganin gida? Ka biya mutum, ka ɗauke shi a motarka da manka, ya kai ka Karu ya nuna maka gida ta saman katanga, wai mai makullin ya tafi masallaci. Ƙarfe goma na safe, Malam, wace salla ce?