Ƙauyen da na gani a kan teburi a Nottingham

Daren Alhamis ɗin da ya wuce abokin aikina ya ja ni zuwa kulob ɗinsu na masu wasan yaƙi a kan teburi. Bature ne dattijo, mutumin kirki, shi ya kai mu asibiti da motarsa daren da matata ta haihu. Ya daɗe yana cewa sai na zo na ga yaƙinsu, to kunyarsa ta sa na je.

Wani zauren unguwa ne suke haya duk mako. Ana ruwa a waje, kowa ya rataye rigar sanyinsa a bakin ƙofa, ga tukunyar shayi da gwangwanin biskit a gefe. Mutum wajen ashirin, yawancinsu furfura ta cika kai. An jera tebura, kowanne ƙafa shida da ƙafa huɗu, an shimfiɗa kyalle kore, an yi tuddai da soso, an kafa itatuwa na waya. Sojojin na dalma ne da na roba, wasu ba su kai gaɓar yatsa ba, amma an bi kowanne da fenti har ƙurar takalminsa. Kowa riƙe da tef irin na tela. Kafin tankar yaƙi ta motsa sai an auna inci nawa za ta yi, kafin ta yi harbi sai an watsa 'ya'yan ludo cike da hannu, a duba littafin dokoki.

A teburi ɗaya ana buga Team Yankee, yaƙin da aka ƙaddara ya ɓarke a 1985 tsakanin Tarayyar Sobiyet da ƙawancen NATO a Jamus ta Yamma. A wani lungu babu sojojin roba, taswira ce mai gidaje kamar saƙar zuma da ƙananan kwalaye, wato Advanced Squad Leader, wanda dokokinsa suka cika fayil guda. Wasu huɗu kuma sun duƙufa kan A Distant Plain, na yaƙin Afganistan: ɗaya gwamnati, ɗaya sojojin ƙawance, ɗaya Taliban, ɗaya madugan yaƙi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara shi, Volko Ruhnke, ya yi aiki da hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA. Nottingham kuwa cibiyar wannan harka ce, a nan hedkwatar Games Workshop take, a nan Warlord Games yake, kamfanoni biyu masu ƙera kayan irin wannan wasa.

Duk wannan ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Sai muka iso teburin ƙarshe.

Yashi ne aka shimfiɗa. Gidajen laka, masallaci, rijiya, awaki uku a gindin itace. Ga motocin a-kori-kura da bindiga a baya, ga babura, kowanne da mutum biyu sun naɗe fuska da rawani. Mai teburin ya ce arewacin Mali ne a 2013, lokacin da sojojin Faransa suka shiga. Shi Mali ya gina, ni kuwa garinmu na gani a ƙasar Zurmi. Kusa da rijiyar akwai wata 'yar mace da tulu a ka, da yaro riƙe da zanenta. Na ce waɗannan fa? Ya ce farar hula ne, duk wanda harbinsa ya same su za a cire masa maki.

Ban yi minti goma a tsaye ba aka watsa 'ya'yan ludo, aka auna da tef, aka ce bam ya kauce ya faɗa bakin rijiya. Wani hannu ya sauko ya ɗauke matar da yaron, ya ajiye su a murfin kwali, aka rubuta wani abu a takarda. Wanda ya yi harbin ya girgiza kai, ya kurɓi shayinsa, wasa ya ci gaba. Ƙirjina ya yi nauyi har sai da na fita waje na tsaya cikin ruwan.

Na sani ba mugayen mutane ba ne. Abin ma yana da asali, tun 1824 rundunar Prussia, tsohuwar masarautar Jamusawa, ta karɓi wasan da wani hafsa mai suna Reisswitz ya tsara don horar da hafsoshi, kuma har gobe makarantun soja na amfani da irinsa. Karatu kuwa suna yi. Da wani tsoho a cikinsu ya ji daga ina nake, sai ya kawo mini zancen yaƙin Burmi, 27 ga Yuli 1903, da yadda bindigar Maxim ta yi wa mutanen Sarkin Musulmi Attahiru. Samari nawa ne a gida za su iya faɗin wannan rana? Na kuma yarda dokar cire maki an sa ta ne don ɗan wasa ya ji tsoron taɓa farar hula.

Amma har yanzu zuciyata ba ta karɓa ba. Mutanen nan suna iya wannan wasa ne saboda yaƙi ya yi musu nisa. Babban ruwan bama-baman da aka yi wa Nottingham tun watan Mayun 1941 ne, ƙalilan ne suka rage masu tuna shi. A wurinsu ƙarar babur da dare mai kawo abinci ne. A wurinmu duk wanda ya ji ta sai ya tashi yara ya nufi daji. Bam ɗin kuskure kuwa mun san shi, ya sauka kan masu Maulidi a Tudun Biri a Disambar 2023, mutum fiye da 80 suka tafi, kowanne da sunansa da danginsa. Ta yaya zan tsaya ina kallon ana auna irin wannan da tef ɗin tela?

Wani zai ce mu ma ai muna yaɗa hotunan gawa a WhatsApp ba kunya. Gaskiya ne, kuma abin Allah wadai ne. Sai dai ban taɓa ganin dattijo a garinmu ya zauna ya sassaƙa mace da ɗanta don a kashe su a wasa ba. Wasanmu na manya dara ce, ita ma dabara ce da haƙuri da kafa tarko, ana ci ana cinyewa, amma tsinke tsinke ne, dutse dutse ne, babu mai fuska.

Mahaifina gwanin dara ne. Bayan la'asar a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu suke zama, gurabun sun yi santsi saboda yawan hannu. In ya kusa cin mutum sai ya yi shiru yana shafa gemu, 'yan kallo su fara dariya tun kafin ya ɗaga tsinke. Shekara uku ke nan da suka bar garin suka koma Gusau, ɗaki biyu na haya, mutum goma sha ɗaya. Gonar ma sai an biya 'yan bindiga kafin a girbe. Ni kuma ina nan ina turo kuɗi, ban je ba.

Da safe abokin nawa ya same ni a wurin aiki ya ba ni haƙuri, ya ce bai yi tunani ba. Ya roƙi in koya musu dara wani makon, na ce zan duba. Da daddare na kira yayana na ce, Yaya, Baba yana buga dara kuwa a nan? Ya ce da wa zai buga, abokan wasansa biyu sun rasu, ɗaya yana Maraɗi. Na ce tsamiyar fa? Ya ce wanda ya leƙa garin da damina ya ce tana nan, ciyawa dai ta rufe gurabun.