Ƙannena, wai yaushe kuke barci?

Jiya da safe wajen ƙarfe takwas, a shataletalen Gawon Nama da ke nan Sakkwato, wani ɗan kabu-kabu ya ɗauko mace da goyo ya nufi bayan tirela kai tsaye, ko birki bai taka ba. Ihun mutane ne ya sa ya zabura ya karkatar da mashin, suka zube a gefen titi. Allah ya tsare, ƙujewa ce kawai a gwiwar matar. Wani dattijo ya damƙi hannun yaron, wanda bai wuce shekara ashirin ba, ya ce, "Kai, mi kash sha?" Yaron ya ce, "Wallahi Baba ban sha komi ba, kwana ne ya sace ni." Idanunsa jajur. Da aka matsa masa sai ya ce bai ajiye waya ba sai uku da rabi na dare.

Uku da rabi! Ba jinya yake ba, ba gadi yake ba, ba tahajjudi yake ba. Latse-latse kawai.

Ƙannena, wannan abu ya ishe ni, kuma da ku nake. Ka bi ta Mabera ko Runjin Sambo ƙarfe ɗayan dare, za ka tarar da samari jere a kan benci, kowa fuskarsa ta yi haske da waya, ba mai ce wa wani uffan. An tashi daga gidan kallon ƙwallo kusan sha ɗaya, an wuce wurin mai shayi an yi awa guda ana musun wa ya fi wani iya buga tamaula, sannan a zauna jiran garaɓasar data ta tsakar dare. Wai sauƙi ake nema. Naira nawa ka rage, lafiyar nawa ka zubar?

Kun ɗauka barci kashe fitila ne kawai a kunna ta da safe. Aiki ne jiki yake yi, kuma da tsarinsa. Barci zagaye-zagaye yake, kowane zagaye kusan minti 90, ana yin huɗu zuwa shida a dare ɗaya. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, a nan jiki ke gyara tsokar da ta gaji ya kuma saki sinadarin girma. Barcin mafarki kuwa ya fi yawa can goshin asuba. Tsakanin biyun ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. To ɗalibin Jami'ar Ɗanfodiyo da ya raba dare a TikTok, ya shiga lacca da safe yana gyangyaɗi, ya fito yana zagin malami wai ba ya iya koyarwa, wa ya cuce shi? Masana sun ce baligi na buƙatar awa 7 zuwa 9, ɗan shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Ku kuna yin uku ko huɗu kuna cewa kun saba. Jiki magayi.

Kuma wayar nan da kanta take korar barcin. A cikin jiki akwai agogo, har kyautar Nobel aka ba wasu masana uku na Amurka a 2017 saboda gano yadda yake aiki. In duhu ya yi, ƙwaƙwalwa kan saki sinadarin melatonin, shi ke shaida wa jiki dare ya yi. Haske kuwa danne shi yake. Kai ka kafa haske a ƙwayar idonka, kana kallon bidiyon da ke tayar maka da hankali, sannan ka ce wai barci ne bai zo ba shi ya sa ka ɗauki waya. Ga shayi mai kauri da Nescafe a kai, ga goro, ga lemon ƙara kuzarin nan na gwangwani. Sinadarin hana barci (caffeine) da ke cikinsu rabinsa na nan a jini bayan awa biyar ko shida. Wanda ya sha da sha ɗayan dare, har kiran assalatu bai rabu da shi ba.

Daga nan kuma sai a koma neman ƙwaya. A sha wata don ido ya buɗe, a sha wata don ya rufe. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma ku duba kwalaben da ke cikin kwatocin unguwanninmu. Wannan zance ne na wata rana, raina ba zai iya ɗaukar biyun yau ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu hawa titi. Wani bincike a Ostireliya ya nuna wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa kan yi nauyi kamar na wanda ya sha giyar da ƙasashe da yawa ke hana tuƙi da ita. Mu da muke ƙyamar mashayi, ga shi muna ɗora matanmu da 'ya'yanmu a bayan wanda bai runtsa ba. Ba a cin bashin barci, in ka hana shi a kan tabarma zai karɓa a kan hanyar Gusau.

Na san za ku ce zafi. Gaskiya ne, daga Maris zuwa Mayu garin nan kan haura digiri 40, ɗaki ya koma tanda, wuta kuma ba ta tsayawa. Amma iyayenmu a cikin wannan zafin suka rayu. Su watsa ruwa, su yayyafa wa tsakar gida, su shimfiɗa tabarma, su kwanta. Da rana su ɗan yi ƙailula. Ku ma ku rage, ku nisanta wayar daga shimfiɗa, ku ji tausayin kanku.

Allah ya ce a Suratun Naba'i ya sanya barcinmu hutu, dare sutura, rana kuma lokacin neman abinci. Annabi (SAW) ya kasance yana ƙin hira bayan isha'i. A da, a garin Shehu da Bello, ana sallame isha'i ake jan ƙyaure, yaron da aka gani a waje kowane babba na da ikon kora shi gida, uban ma godiya zai yi. Dare mahutar bawa ne a lokacin. Da asuba masallaci cike da samari, daga nan a ɗauki allo, wanda ya riga ka kwana kuwa dole ya riga ka tashi. Yau je ka duba sahun asuba, furfura ce zalla, ladan na kira masu ƙarfin na shirin kwanciya. Ka yi wa ɗan maƙwabci magana uwarsa ta aiko maka da baƙar magana. To ina za ta tsawata masa, ita ma ƙarfe biyun dare tana WhatsApp tana tura wa ƙawaye hoton atamfa, kuma uban ne ya saka mata datar.