Ana ƙirga hekta, an manta da ƙuman ruwa

Tun bayan taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kare halittu da aka yi a Cali na ƙasar Kolombiya, a watan Oktoban 2024, zancen kare muhalli ya koma lissafin fili. Wani rahoto da aka fitar a taron ya sanar cewa kashi 17.6 cikin ɗari na tudu da ruwan cikin ƙasa na duniya yana ƙarƙashin kariya, alhali alƙawarin da aka ɗauka a Montreal a ƙarshen 2022 shi ne a kai kashi 30 kafin 2030. Daga nan gwamnatoci da dama suka shiga neman inda za su ja layi a taswira su kira shi gandu. Cikin rahoton nan kuwa akwai wani adadi da bai samu irin wannan yayatawa ba: wuraren kariyar da aka taɓa auna ko ana kula da su yadda ya kamata ba su kai kashi 5 cikin ɗari na faɗin ƙasa ba. Wannan adadin ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ko inda aka je auna ɗin ma, an saba a ƙirga giwaye da ɓauna da tsuntsaye, a duba itatuwa, a wuce tafki da kududdufi kamar ruwa ne kawai aka zuba domin dabbobi su sha.

Ruwan nan kuwa cike yake da masu rai. Akwai ƙananan dangin ƙaguwa da jatan lande waɗanda yawancinsu ba su wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Akwai ƙuman ruwa, wato Daphnia da 'yan uwansa, masu tsalle-tsalle a cikin ruwa, nau'insu ya haura 600. Akwai Cyclops mai ido ɗaya da sauran zuriyarsa, kimanin nau'i 2,800 a ruwan daɗi. Akwai masu ɓawo biyu da ke rarrafe a cikin laka, su ma kusan 2,000. Waɗannan su ne waɗanda aka riga aka raɗa wa suna, kuma har yanzu masana na ci gaba da gano sababbi. Aikinsu a fili yake: suna tace ruwa su cinye gansakuka da ƙwayoyin bakteriya, su kuma 'ya'yan kifi su cinye su, manyan kifaye da tsuntsaye su ci 'ya'yan kifin. In suka ragu, ruwa ya yi kore, kifi ya ragu daga baya. Kuma da yake rayuwarsu gajera ce, kwanaki ko makonni, su ne ke fara nuna alama idan guba ta shiga ruwa, ko gishiri ya ƙaru, ko zafi ya hau. Saboda haka ne ma ake amfani da Daphnia a ɗakunan gwaji na duniya wajen auna illar sinadarai kafin a bari su shiga kasuwa.

Ra'ayin da nake ja da shi shi ne na masu cewa da zarar an killace wuri, an sa masu gadi, duk abin da ke ciki ya tsira, babba da ƙarami, don haka kashe kuɗi a kan ƙirga abin da ido ba ya gani ɓarnar dukiya ce. Wannan magana tana da daɗin ji a ɗakin taron kasafi. Tarihin gandayen da suka fi kowanne kuɗi da ma'aikata ya ƙaryata ta.

A gandun Banff na Kanada, wanda yake cikin tsofaffin gandayen duniya, akwai wani ɗan tafki a kan tsauni mai suna Snowflake. Asalinsa babu kifi a ciki. A shekarun 1960 aka zuba masa kifin tarawut domin jin daɗin masu kamun ƙugiya, kuma da amincewar hukuma aka yi. Cikin 'yan shekaru kifin ya share manyan ƙuman ruwan tafkin, da wani jan ɗan uwan Cyclops mai suna Hesperodiaptomus arcticus wanda shi ne mafaraucin da ke riƙe da tsarin ruwan. Daga baya kifin ya ƙare da kansa. Ƙuman ruwa suka dawo, shi kuwa jan nan shiru, har sai da masana suka ɗebo shi daga wani tafki na kusa suka mayar a 1992. Ba ɓarawon daji ba ne ya yi wannan ta'asa, kuma babu shingen da zai hana ta. Abin da ya sa aka san an yi asara har aka gyara shi ne akwai mai binciken da ya riƙa jefa raga a tafkunan nan a waɗancan shekaru yana rubuta abin da ya samu. Irin wannan ya faru a ɗaruruwan tafkunan tsaunukan Sierra Nevada na Amurka, ciki har da na gandaye. To, tafki nawa ne a duniya aka zuba wa baƙon kifi ba tare da kowa ya fara duba abin da ke ciki ba?

Haka nan baƙon da ke shigowa ta ruwa ba ya tsayawa a ƙofar gandu. Akwai wani ƙuman ruwa mai doguwar ƙaya a wutsiya, Bythotrephes, ɗan asalin Turai da Asiya, wanda ya isa Manyan Tafkunan Arewacin Amurka a shekarun 1980 cikin ruwan da jirage ke ɗauka domin daidaita nauyi. Daga can ya bi igiyar ƙugiya da ƙananan jiragen masu yawon shaƙatawa ya bazu, har ya shiga ruwan gandun Voyageurs a jihar Minnesota. Abincinsa shi ne sauran ƙuman ruwa. A tafkin Mendota na jihar Wisconsin, wanda yake cikin tafkunan da aka fi nazari a duniya, an gano shi a 2009. Ya cinye Daphnia, gansakuka ta samu sarari, hasken ruwan ya ragu da kusan mita ɗaya, masana suka ƙiyasta asarar a kan dala miliyan 140. Da aka haƙo lakar gindin tafkin aka duba, sai aka tarar ya shafe sama da shekara goma a ɓoye kafin ya bayyana. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. In haka ta faru a tafkin da jami'a ke bakinsa, ana ɗiban samfuri ba ƙaƙƙautawa, ina ga tafkin gandun da ba a taɓa tsoma masa raga ba?

Abin takaici, wannan raini daga sama yake farawa. Dokar ruwa ta Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta wajabta wa ƙasashe su riƙa duba gansakuka da tsirrai da kifi da halittun gindin ruwa, amma ta tsallake waɗannan masu yawo a tsakiyar ruwa. Masana tafkuna sun yi ta ƙorafi a rubuce, saboda sun san abin da doka ba ta tilasta ba shi ake fara yankewa in kuɗi ya yi ƙaranci. Rahoton da ƙungiyar kare namun daji ta WWF ta fitar a 2024, wanda ya ce yawan dabbobin ruwan daɗi da ake bibiya ya faɗi da kashi 85 cikin ɗari tun 1970, masu ƙashin baya kaɗai ya ƙirga. Babban nazarin da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta jagoranta a farkon 2025 ya duba nau'i sama da 23,000 ya ce kusan ɗaya cikin huɗu na fuskantar barazanar ƙarewa, amma kifi ne da mazari da ƙaguwa da manyan jatan lande. Aiki ne mai kyau, ban raina shi ba. Sai dai ginshiƙin da waɗannan duka suke tsaye a kai ba ya cikin lissafin. A ganina duk tafkin da ba a san jerin halittunsa ba bai cancanci a sa shi cikin wancan kashi 30 ba.

Akwai masu cewa zamani ya wuce raga da kwalba, yanzu tauraron ɗan'adam da gwajin ɓurɓushin DNA a cikin ruwa sun wadatar. Tauraro launin ruwa yake gani, wato sai bayan ɓarna ta auku, gwajin DNA kuwa ba ya iya kiran sunan halittar da babu wanda ya taɓa kamawa ya tantance ya shigar da ita rumbun bayanai.

Inda rashin binciken ya fi yin illa shi ne kududdufan da ke cika da damina su ƙafe da rani. Jami'in da ya bi ta wajen a lokacin rani zai ga busasshiyar laka mai tsaga, ya rubuta cewa babu komai, ya amince a bi da hanyar mota ta kai, ko a yashe wurin a zurfafa shi domin dabbobi su samu ruwa duk shekara. Wannan na biyun da kyakkyawar niyya ake yin sa, kuma kisa ne, domin ruwan da ba ya ƙafewa kifi zai zauna a ciki, halittun da suka dogara da ƙafewar kuwa ba su iya zama da kifi. Busasshiyar lakar nan rumbun iri ce. A cikinta akwai ƙwai masu tauri da ke jure zafi da fari, suna jiran ruwa, kuma ba duka suke ƙyanƙyashewa lokaci guda ba, domin in damina ta yanke da wuri zuriya kada ta ƙare. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 wani masani ɗan ƙasar Norwe, G. O. Sars, ya riƙa karɓar busasshiyar laka da ake aiko masa daga Ostiraliya da Afirka ta Kudu, ya jiƙa ta a ɗakinsa, halittun da kimiyya ba ta sani ba su fito suna iyo. A 1995 aka ba da rahoton ƙyanƙyashe ƙwan dangin Cyclops da ya haura shekara 300 a lakar wani tafki a jihar Rhode Island, daga baya kuma aka tayar da ƙwan Daphnia mai kusan shekara 700 a Minnesota. Wannan abin al'ajabi ne daga ikon Allah, kuma yana da amfani na zahiri: laka tana ba da labarin yadda ruwa yake kafin mu taɓa shi. Tirakta ɗaya na iya shafe wannan duka a wuni guda.

A Kalifoniya, sai a 1990 aka raɗa wa wani ɗan jatan landen irin waɗannan kududdufai suna, Branchinecta lynchi. Shekara huɗu kacal bayan haka, a 1994, ya shiga jerin halittun da dokar Amurka ke karewa, domin noma da gine-gine sun riga sun cinye mafi yawan mazauninsa. Da binciken ya ƙara jinkiri, da wasu wuraren sun tafi ba tare da an san an yi rashi ba. Saboda shi da 'yan uwansa sai da aka gusar da wurin da aka fara niyyar gina jami'ar Merced. Wasu na kawo wannan a matsayin misalin wuce gona da iri. Jami'ar dai an gina ta, kududdufan kuma suna nan.

Na san mutane da yawa ba su taɓa jin sunan Cyclops ba sai a zancen kurkunu, tunda shi ke ɗauke da tsutsar a cikin ruwan sha. Amma sanin halinsa ne ya kawo nasarar yaƙin: an gane cewa tace ruwa da ƙyalle mai ƙananan ƙofofi na tare shi, masu kamuwa suka sauko daga kimanin miliyan 3.5 a 1986 zuwa ƙasa da mutum 20 a shekara. A Biyetnam kuwa wani ɗan uwansa, Mesocyclops, shi aka riƙa zubawa a tankunan ruwa yana cinye tsutsar sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengue. Ɗaya abokin gaba, ɗaya abokin aiki, kuma da ido ba ka bambance su. Sai an sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, an fiɗe da allura, an duba siffar ƙafarsa ta biyar.

Nan ne ainihin tsadar take, a hannun da ya iya wannan fiɗa. Kayan aikin ba wani abu ba ne: raga mai ƙofofin da ba su kai kaurin gashi ba, igiya, kwalabe, sinadarin adanawa, madubi. Mai gadin gandu na iya koyon ɗiban samfuri cikin ɗan lokaci, ya riƙa yi a damina da rani, a bakin ruwa da tsakiya, cikin ciyawa da laka, ya rubuta rana da wuri. Amma mai tantancewa shekaru ake yi kafin a same shi, kuma jami'o'i sun daɗe suna karkata ga fannonin da suka fi jawo tallafi. Ya kamata hukumomin gandaye su ɗauki nauyin horar da irin waɗannan mutane, su kuma ajiye kwalaben a wuri mai aminci domin na baya su sake dubawa.

Masu ba da tallafi su ma suna da nasu laifin, kuma babba ne. Sun fi son aikin shekara uku mai hoton damisa a bangon rahoto. A tafkin Baikal na Rasha, inda halitta guda ɗaya, Epischura, ta kai kusan kashi 80 zuwa 90 na nauyin ƙananan dabbobin da ke yawo a ruwan, Mikhail Kozhov ya fara ɗiban samfuri a wuri guda tun 1945. 'Yarsa Olga ta gaje shi, jikarsa Lyubov ta gaji uwarta, ana fita kan ruwa da bazara, ana huda ƙanƙara da hunturu. Da aka tattara bayanan shekara 60 aka wallafa a 2008, sai aka ga saman ruwan ya ƙara zafi da sama da digiri ɗaya, ƙuman ruwa masu son ɗumi kuma sun ninka fiye da sau uku, a tafkin da aka ɗauka girmansa zai kare shi daga sauyin yanayi. Babu aikin shekara uku da zai iya ganin wannan. Duk da haka, wajen 2016 sai da masana suka fito suna roƙo a mujallun kimiyya kada a rufe shirin saboda an yanke masa kuɗi, a tafkin da UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya tun 1996.