Kafin a ce "ya cika"

Shekarata huɗu ke nan a Birmingham. A wurin aikinmu, lokaci-lokaci sai an durƙusar da mu gaban wani mutum-mutumin roba, a ce mu danna masa ƙirji, don koyon yadda ake ceton wanda zuciyarsa ta tsaya. Ranar farko dariya na yi. Malamar ta ce in ɗora tushen tafin hannuna a tsakiyar ƙirji, in ɗora ɗayan a kai, in miƙe gwiwar hannu, in danna ya lotsa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Ban cika minti biyu ba gumi ya jiƙa mini riga, dariyar ta koma ciki.

Abin da ya dawo mini a rai shi ne wani dattijo da ya yanke jiki ya faɗi a wata tasha a Kano, ina saurayi. Wallahi kafin ƙiftawar ido an kewaye shi. Wannan ya kwarara masa ruwan leda, wancan yana fifita da kwali, wata mai abinci ta kawo albasa a shaƙa masa. Da ya fara wani irin kakari sai aka shiga laƙƙana masa kalmar shahada, aka jawo mayafi aka rufe. A ajin nan na ji cewa wannan kakarin ba numfashi ba ne, yakan zama alamar zuciya ta tsaya yanzun nan, kuma daidai lokacin ne ya kamata a hau danna ƙirji. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan jini bai kai mata ba. Mu kuwa a cikin mintocin nan muke neman adaidaita sahu.

Ba zan yarda a ce Bature ya fi mu tausayi ba. A nan na ga an ratse mutum yana kwance a bakin titi an wuce, abin da da wuya a yi a Kurmi ko Kantin Kwari. Sun dai fi mu sanin abin da hannu zai yi. Tun 2020 ake koyar da wannan a makarantun sakandaren gwamnati a Ingila, kuma wasu tsofaffin rumfunan tarho an mayar da su ma'ajiyar na'urar farfaɗo da zuciya, wadda da kanta take gaya maka abin yi da murya.

Masu kallon ƙwallo sun ga abin da idonsu. Ranar 12 ga Yuni 2021 Christian Eriksen ya faɗi a Copenhagen, Denmak na wasa da Finlan. A filin aka danna masa ƙirji, aka jona masa na'ura, ga shi ya dawo yana taka leda. Samuel Okwaraji ya faɗi a filin Surulere ranar 12 ga Agusta 1989, muna karawa da Angola, bai tashi ba. Kwana ne ya ƙare, na sani. Amma wanda ya ɗaure raƙuminsa ai bai fita daga tawakkali ba.

Za a ce mini ina na'ura, ina motar asibiti. Gaskiya ne, kuma sau da yawa danna ƙirji kaɗai ba ya tayar da zuciya, riƙe ƙwaƙwalwa yake yi kafin taimako ya iso. To amma riƙewar ba ta cin ko kwabo. Ka jijjiga kafaɗarsa ka kira shi. In bai amsa ba, kuma ba ya numfashi yadda aka saba, ka nuna mutum ɗaya ka ce ya kira lambar gaggawa 112 ko ya nemo mota, kai kuma ka fara. Wanda ya koya yakan hura baki sau 2 bayan dannawa 30. In kana ƙyama, ci gaba da dannawa kawai. Haƙarƙari na iya karyewa, kar ka tsaya.

Sai batun mata, wanda muke jin nauyin faɗa. Da yawanmu ba za mu iya kai hannu ƙirjin matar wani ba ko tana mutuwa. Shi ya sa nake ganin a fara da Islamiyyun matan aure, da 'yan agajin da ke tsaye a ƙofar masallaci kowace Juma'a. Da na je gida da sallah, matashin kai na ajiye a tsakar gida na koya wa Inna da ƙannena. Inna ta ce, "Kai yaro, haka ake murƙushe mutum?" Sannan ta naɗe hannun riga ta ce in ƙirga mata.