Bahago a Damagaram, bahago a Faransa

A Damagaram, yaro ya kai hannun hagu cikin akushi, kafin ya ɗago loma an make masa hannu. Wannan ba ni da ja a kansa. Hadisi ya zo a kan ci da sha da dama, kuma inda mutum biyar suka kewaye kwanon tuwo guda, kowa ya san aikin da aka ware wa hagu. Nan birnin Liyon na Faransa da nake zaune, 'yata bahaguwa ce, amma da dama take ci, da dama take gaisawa, da dama take karɓar abu a hannun babba. Ta koya, ba ta ragu da komai ba.

Inda nake ganin muna wuce gona da iri shi ne alƙalami. A lakwal ɗinmu ta da, wato makarantar boko, mushe (malami) na ganin alli a hagu sai bulala. Yaron da ke da kai ya koma yana fama da hannu maimakon darasi, rubutunsa kamar kaza ta yi tono, a ƙarshe a ce daƙiƙi ne. Su ma Faransawan da muka gaji lakwal a wurinsu sun yi haka, har wajen shekarun 1960 ana tilasta wa yaransu rubutu da dama, wasu ma a ɗaure musu hagun. Sun bari. Yau malama za ta zaunar da bahago a gefen hagu na tebur don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa, ta karkata masa takarda, shi ke nan. Kusan mutum 1 cikin 10 bahago ne a duniya, kun ga aji mai yara 60 ba a rasa biyar ko shida.

Abin da ke ba ni dariya, a makarantar allo bahago ne ya kamata ya fi kowa jin daɗi. Larabci da ajami daga dama suke tafiya zuwa hagu, hannunsa na gaba, ɗanyar tawada na baya, ba ya shafe abin da ya rubuta. A boko ne gefen hannunsa ke bin baƙaƙe yana gogewa. Amma wa zai yarda almajiri ya rubuta aya da hagu?

A fagen dambe kuwa babu mai yi masa gori. Bahago ya saba karawa da masu dama, su kuwa ba su saba da shi ba, naushi na zuwa musu ta inda ba su tsare ba. Obama da Bill Clinton da hagu suka riƙa sa hannu a takardun Amurka. Turawa har rana suka ware wa bahagwai, 13 ga Agusta, ko da yake wannan ni bai dame ni ba.

Wajen kayan aiki, akwai inda gida ya fi. Ka je wurin maƙeri ka ce laujen bahago kake so, zai juya maka shi yadda hannunka yake. Kayan kanti ne ba su da wannan sassauci. Dubi tela bahago a kasuwar Dole ta Damagaram: almakashin an ƙera shi don dama, yana taune yadi maimakon ya yanka, bakinsa na rufe masa layin alli, babban yatsansa duk kanta. Nan almakashin hagu na rataye a kantin kayan makaranta, kuɗinsa yuro kaɗan. Duk mai tafiya gida, ina cusa masa biyu ko uku a jaka.