Kafin a ƙara sugan jaka, a fara gwada tantanin ciki

Abin da ya fi damuna a wankin ƙoda ta ciki, inda ake zuba ruwa mai suga daga jaka a cikin mara lafiya don ya janyo datti da rarar ruwa daga jini, shi ne gaggawar da ake yi a sauya wa mara lafiya jaka mai suga da yawa da zarar ƙafa ta kumbura. Ruwa zai fita kam, amma sugan nan ne ke cin tantanin ciki sannu a hankali. Tantanin shi ne matatar, na kowa kuma da irin gudunsa, sai an gwada ake sani.

Gwajin PET, wato gwajin gudun tantanin ciki, wanda likita Twardowski ya fito da shi a 1987, na awa 4 ne. Ruwa ya kwana a ciki awa 8 zuwa 12, da safe a zubar da shi tas cikin minti 20. Sai a zuba lita 2 mai suga kashi 2.5 cikin minti 10, mutum na kwance yana juyawa dama da hagu. A ɗebi ruwan a farko, da awa 2, da awa 4, jini kuma a awa 2. Daga nan a auna kiriyatinin, wani dattin da ƙoda ke tacewa, a yi lissafin raba na ruwan awa 4 da na jini.

In sakamakon ya haura 0.81, tantanin mai sauri ne. Datti na fita da wuri, amma suga ma na tserewa cikin jini da wuri, ƙarfin janyo ruwa ya mutu. In aka bar ruwan ya daɗe, jiki ya shanye shi. Irin wannan tantanin, gajeren zaman ruwa ke masa, na'urar sauya ruwa da dare, aikodestirin kuma, ruwan wankin da ba na suga zalla ba, a dogon zama. In bai kai 0.50 ba, tantanin mai jinkiri ne, sai an ba shi lokaci. A wajensa saurin sauya jaka ɓarnar ruwa ce kawai.

Sakamakon kan yi ƙarya. A yi gwajin farko mako 6 zuwa 12 da fara wanki, a kuma jira wata guda bayan ƙwayar cuta ta shiga ciki, don kumburin tantani na mai da shi mai sauri na ɗan lokaci. Ragowar ruwan dare na ɓata lissafi. Suga mai yawa na ɗaga kiriyatinin a hanyar awo ta Jaffe, dole ɗakin gwaji ya gyara. Jakar ma, kamfani kan cika ta fiye da abin da aka rubuta, don haka a ɗora ta kan sikeli.

In ruwa ya ƙi fita, a fara duba maƙarƙashiya, gocewar bututun da ke cikin, yoyo, da hawan sugan jini. In duk babu, a maimaita gwajin da jaka mai kashi 4.25. Rarar ruwa ƙasa da mililita 400 a awa 4 na nufin tantanin ya gaza. A auna sodiyum na ruwan bayan awa 1: ya kamata ya sauka. In saukar ba ta wuce milimol 5 a lita ba ga wanda ya shekara da shekaru yana wankin, tantanin ya fara kauri, lokacin maganar komawa wankin jini ya yi.